Kirim ɗin gato da man shanu da lemun tsami: yadda ake yi da abin da za a kiyaye

A wannan fitowa za mu yi bayani a kan wani abu da matan makarantun yaƙi da jahilci na ƙasar Gabi suke yawan tambaya a kansa. Shi ne farin abin nan mai laushi da zaƙi da ake shafa wa ƙananan gato a bisa, wanda ake gani a shagunan Maraɗi da wuraren biki. Masu sana'ar suna ce masa kirim. Wasu na tsammanin sai da inji ake yin sa, ko sai da kayan da suka fito daga Turai. Ba haka ba ne. Abu uku ne kawai a cikinsa: man shanu, da sukari, da lemun tsami. Biyu daga cikin ukun nan a gida muke da su. Man shanu yana zuwa mana daga rugagen Fulani na gefen dajin Babban Rafi. Lemun tsami kuwa yana fitowa a garake na fadamar gulbin Gabi, har zuwa wajen tabkin Madarumfa. Sukari ne kaɗai sai an saya a kanti.

Amma akwai wani bambanci babba tsakanin kirim da sauran abincinmu na mai. Kirim ba ya hawa wuta. Yadda aka haɗa shi, haka za a ci shi. Saboda haka duk dauɗar da ta shiga cikinsa, cikin mai ci za ta sauka. Kuma yara su ne suka fi cin sa. Wannan ne ya sa muka kawo maganar a shafin lafiya da noma.

Wane irin mai ne ake so?

Man shanu iri biyu ne a kasuwanninmu. Akwai ɗanye, wanda ake curawa a bar shi yana yawo a cikin ƙwaryar nono. Akwai soyayye, wanda aka narkar a wuta, sau da yawa tare da albasa, aka ɗura a kwalba. Soyayyen shi ne na tuwo da shinkafa, kuma shi ya fi daɗewa bai lalace ba. Sai dai ba ya yin kirim. Ko an yini ana buga shi ba zai tashi ba.

Ga dalili. Ɗanyen man shanu ba mai ne zalla ba. In aka raba shi kashi 100, wajen kashi 80 ne mai, sauran kuwa ruwa ne da ɗan abin madara. Idan yana da ɗan tauri aka buga shi, iska tana shiga cikinsa ta maƙale a ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Iskar nan ce take sa shi ya kumbura, ya yi fari, ya yi laushi. Man da aka soya ruwansa ya ƙone, jikinsa ya canja, ba ya riƙe iska yadda ake so. Ga kuma warin albasa, wanda bai dace da kayan zaƙi ba.

To, ɗanye ake so. A nan kuma hatsarin yake.

Me ya sa sai an tafasa madarar?

Akwai cututtukan dabbobi da suke bin madara su kama mutum. Biyu sun fi damun mu. Ta farko ita ce wadda makiyaya suke kira bakkale. Ita ce take sa saniya ta yi ɓari, wani lokaci kuma gwiwarta ta kumbura. Idan ta kama mutum, sai ya riƙa yin zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da zufa da dare, da ciwon gaɓoɓi, da kasala. Sau da yawa akan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, a yi ta shan magani ba sauƙi. Ta biyu ita ce tarin fuka na shanu. Shi ma yana kama mutane, musamman yara.

Ƙwayoyin waɗannan cututtuka suna iya zama makonni da ransu a cikin ɗanyen mai. Tsamin nono yana rage su, amma ba a dogara da shi. Wuta ce take kashe su. Wani masani na ƙasar Faransa mai suna Luwi Fasta ya nuna, wajen shekarar 1864, cewa ɗumama abin sha yana kashe ƙwayoyin da suke ɓata shi. Daga baya aka ɗauki dabararsa aka yi aiki da ita ga madara. A masana'antun madara akan kai ta zafin digiri 72 na daƙiƙa 15. Mu ba mu da ma'aunin zafi a gida. Namu shi ne mu bar ta ta tafasa sosai, muna motsawa don kada ta kama gindin tukunya.

Wani zai ce ai tun kaka da kakanni muke cin man shanu. Gaskiya ne. Amma galibi muna cin sa ne bayan an soya shi. Wutar suyar ta riga ta yi mana aikin. A kirim babu wannan kariya.

Saboda haka hanya mafi kyau ita ce mai yin kirim ta yi manta da hannunta. Ta sayi madara sabuwar tatsa, wajen litar 3. Ta tace ta da ƙyalle mai tsabta, ta tafasa, ta sauke ta rufe. Idan ta huce har ta zama ɗumi-ɗumi, sai ta zuba mata cokali 2 na kindirmo wanda shi ma da tafasasshiyar madara aka yi shi. Ta rufe ta bar ta ta kwana. Da asuba, tun da sauran sanyi, ta zuba a gora mai tsabta ta yi ta girgizawa kamar yadda matan Fulani suke yi, har man ya taru. Litar 3 takan ba da man da ya kusa isa gato 12. In madarar ba ta da kauri, sai a ƙara. Babu hasara a nan, domin nonon da ya rage na fura ne.

Wadda ba ta da halin yin haka, sai ta yi magana da mai kawo mata nono, wadda ta sani kuma ta yarda da ita. Ta roƙe ta ta tafasa madarar kafin ta kwantar da ita, ta kuma biya ta ladan itace. Man da aka saya a kasuwa ba a san asalinsa ba, a soya shi a ci da tuwo. Kada a yi kirim da shi.

Akwai kuma man gwangwani na shafa wa burodi, irin su Blue Band. Wannan ba man shanu ba ne, da man itatuwa da tsirrai ake yin sa. Yana yin kirim, kuma ya ɗan fi jure zafi. Sai dai bai kai man shanu ɗanɗano ba, kuma kuɗinsa waje yake tafiya. Wadda za ta yi aiki da shi ta karanta ranar ƙarewar aikinsa da aka rubuta a jikin gwangwanin.

Wanke mai

Wannan aiki ne ƙarami da mutane suke rainawa, alhali shi ne yake raba kirim mai ƙamshi da mai ƙarni. Bayan an tsamo man, akwai sauran nono a cikinsa. Wannan nonon shi ne yake fara tsami, ya sa man ya yi wari. A samo ruwan da aka tafasa aka bar shi ya yi sanyi a tulu mai murfi. A zuba a kan man, a riƙa danna shi da bayan cokali. Ruwan zai yi fari. A zubar, a sake sabo. A yi haka sau 3 ko 4, har ruwan ya fito garau. Daga nan a matse man sosai, a karkata kwanon ruwan ya tsiyaye. Kada a wanke da ruwan rijiya ko na gulbi wanda ba a tafasa ba. In an yi haka, an ɓata wahalar tafasa madarar ke nan.

Sukari sai ya zama gari

Sukari ba ya narkewa a cikin mai. In aka zuba mai tsaki-tsaki, haka zai zauna, mai ci ya riƙa jin sa a haƙori kamar rairayi. A birni ana sayar da garin sukari na musamman. Mu kuwa turmi ya ishe mu. A sami turmin da ba a daka yaji ko daddawa a cikinsa ba, a wanke shi tun jiya ya bushe ƙarau. A daka sukarin, a tankaɗe da rariya mafi laushi, a mayar da tsakin a sake dakawa. A gwada tsakanin yatsu biyu. In an ji shi kamar garin alkama, ya yi. Sukarin kwali mai ƙwaya ya fi sauƙin awo, domin ƙirga shi ake yi. Kowace ƙwaya tana da nauyin giram 5 zuwa 6.

Lemun tsami: bawo da ruwa

Yawancinmu ruwan lemu kawai muka sani, bawon kuwa jefarwa muke yi. Alhali ƙamshin lemu a bawo yake. In kuka dubi bayan lemu da kyau za ku ga ƙananan ɗigo-ɗigo. Kowane ɗigo jaka ce ta wani mai mai ƙamshi. Ruwa shi yake ba da tsami, bawo shi yake ba da ƙamshi. Kirim yana bukatar duka biyun.

A zaɓi lemu mai nauyi a hannu, mai santsin baya, wanda bai yi tabo ba. A wanke shi sosai da ruwa mai tsabta, a goge, domin ƙura da kashin tsuntsu da sauran maganin feshi duk a bayansa suke zama. In an san an yi wa itacen feshi kwanan nan, a bar bawon, a yi aiki da ruwan kawai. A kankare koren bayan da abin gogar kuɓewa ko da wuƙa mai kaifi, a hankali. A tsaya da zarar an ga fari. Farin nan na ƙarƙashi ɗaci gare shi, kuma kaɗan daga cikinsa ya isa ya ɓata kwano guda. Sai an gama kankarewa sannan a yanka a matse, a tace ƴaƴan.

Ana iya yi da lemun zaƙi, irin wanda motoci suke kawowa kasuwar Maraɗi daga Najeriya, yawancinsa daga jihar Binuwai. Ƙamshinsa yana da daɗi, amma ruwansa ba shi da ƙarfin da zai karya zaƙin sukari. A ganinmu lemun tsaminmu na gida ya fi dacewa. In ana son na zaƙin, a ɗauki bawonsa a haɗa da ruwan na tsami.

Ga wani gargaɗi ga mai matsar lemu da yawa. Ruwan lemun tsami in ya bushe a fata, rana kuma ta buge shi, yakan ƙona wurin har ya yi bororo ko baƙin tabo. A wanke hannu da sabulu bayan an gama, kafin a fita rana.

Yadda ake haɗawa

Awon da za mu bayar na ƙananan gato 12 ne. Ana bukatar man shanu cokali 8, babban cokali na cin abinci, wato wajen giram 110. Sukari ƙwaya 40, wato wajen giram 220. Bawon lemun tsami 2. Ruwan lemu cokali 1 zuwa 2. Sai gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka. Ƙa'idar ba ta da wuyar riƙewa: nauyin sukari ya ninka na mai sau biyu. Wadda take awo da kofin shayi ta sani garin sukari ba shi da nauyi, saboda haka kofi 1 na mai yana cin kofi 3 zuwa 4 na garin sukari.

A wanke hannu da sabulu, a yanke farce, a ɗaura kallabi. A yi aiki a kwanon roba mai tsabta, ko na tangaran, ko mai fenti wanda bai ɓantale ba. Kada a yi a tukunyar dalma, domin tsamin lemu yana cin ta, kirim ya yi duhu ya ɗauki ɗanɗanon ƙarfe.

A fara da man shi kaɗai. A taɓa shi da yatsa mai tsabta. Ana so yatsa ya lotsa shi, amma kada ya nutse, kada kuma man ya yi ƙyalli kamar zai narke. A buga shi da cokalin ice ko ƙaramar muciya, ana juyawa gefe guda da sauri, kamar minti 5. Za a ga launinsa ya sauya daga rawaya zuwa fari-fari. Alamar iska ta shiga ke nan. Sai a zuba bawon lemu da gishiri.

Daga nan a riƙa zuba garin sukari kaɗan-kaɗan, cokali 3 ko 4 a lokaci guda. Kada a ƙara sai wanda aka zuba ya ɓace. Idan rabin sukarin ya shiga, a zuba rabin cokali na ruwan lemu, a buga. A ci gaba da sukari, a ƙarasa da sauran ruwan lemun, shi ma da kaɗan-kaɗan, ana ɗanɗanawa da wani cokali dabam. Dalilin wannan haƙuri shi ne ruwa da mai ba sa shiri. In aka kwarara ruwan gaba ɗaya, man ba zai iya riƙe shi ba, sai kirim ya tsinke ya yi gudaji-gudaji. Aikin duka yakan ci minti 15 da hannu. Ana gane ya yi idan aka ɗaga cokali kirim ya tsaya da tsini bai zube ba.

In ya tsinke, kada a zubar. A ƙara garin sukari cokali 2 a ci gaba da bugu. In ya yi ruwa saboda zafi, ƙarin sukari ba zai gyara shi ba. A ɗora kwanon a cikin ruwan sanyi na ɗan lokaci, sannan a sake bugawa. In kuwa ya yi tauri, ɗigo kaɗan na ruwan lemu ya isa.

Masu son launi su yi hattara. Kada a sa garura ko wani rini na tufafi ko na fata a abinci, kome kyansa. A tafasa zoɓo kaɗan ya yi kauri, ya huce, a ɗiga a madadin wani sashe na ruwan lemu. Tsamin lemu yana ƙara fito da jan zoɓo. Don rawaya kuwa, ɗan garin kurkum a bakin wuƙa ya wadatar.

Gaton kansa

Matanmu da yawa sun iya wannan, ba sai mun tsawaita ba. Garin alkama, da sukari, da mai, kowanne giram 110, da ƙwan kaza 2 ko na zabi 3, da ƙaramin cokali 1 na hodar da take sa gato ya tashi. A zuba a ƙananan gwangwanaye da aka wanke aka shafa wa mai, waɗanda ba su yi tsatsa ba. A jera su a tukunya mai rairayi a gindi, garwashi a ƙasa da bisa murfi, kamar minti 20. Abin da za a riƙe shi ne, kada a shafa kirim sai gaton ya huce sarai, har cikinsa. In da sauran ɗumi, kirim zai narke ya gangaro. A shafa da bayan ƙaramin cokali, a rufe da murfi saboda ƙuda da ƙura.

Zafi da lokacin da ya dace

Man shanu ya fi buguwa a wajen digiri 20. Yana narkewa tsakanin digiri 32 da 35. A ƙasar Maraɗi kuwa, cikin watannin Afrilu da Mayu, zafin rana yakan wuce digiri 40. Ashe a bazara, gidan da babu firji, yin kirim ɓarnar kaya ne. Ga shi kuma a lokacin shanu sun rame, madara ta yi ƙaranci, lemun tsami ya yi tsada.

Lokacin da ya dace shi ne daga kaka zuwa ƙarshen ɗari, wato daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu. A lokacin shanu sun sha ciyawar damina, suna kuma cin karan gonaki da harawa. Lemun tsami yana samuwa. Da asuba akwai sanyin da ake bukata. Iska a bushe take, garin sukari ba ya dunƙulewa kamar yadda yake yi da damina. Kuma a wannan lokaci ne aka fi yin bukukuwan aure, mutane na da ɗan abin hannu. Mai son ta mayar da shi sana'a ta ɗauke shi sana'ar ɗari. In zafi ya shigo, ta koma ga gato marar kirim, da cincin, da alkaki, waɗanda ba su tsoron rana.

Akwai dabarar sanyaya kaya ba tare da lantarki ba. Wani malami daga jihar Jigawa ta Najeriya, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa ta a ƙauyuka a shekarun 1990, har aka ba shi kyautar Rolex a shekarar 2000. Tukwanen ƙasa biyu ne, babba da ƙarama. A sa ƙaramar cikin babbar, a cika tsakaninsu da rairayi, a jiƙa rairayin, a rufe baki da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska take kaɗawa. Ruwan da yake tsattsafowa ta jikin babbar tukunya yana bushewa, yana tafiya da zafin ciki. A riƙa ƙara ruwa safe da yamma. Ta fi aiki lokacin da iska take a bushe. Tana taimaka wa mai da kirim su yi tauri, amma ba firji ba ce. Don haka a yi kirim da safe, a ci shi a ranar. Wanda ya kwana, kada a sayar da shi, kada a ba yara.

Shin lemun da ke ciki yana ƙara lafiya?

An san lemu yana da bitamin C. Rashinsa yana sa dasashi ya kumbura ya riƙa zubar da jini, haƙora su yi girgiɗi, miki ya ƙi warkewa. A shekarar 1747 wani likitan jiragen ruwan Ingila mai suna Jemis Lind ya gwada magunguna iri-iri a kan ma'aikatan jirgi 12 masu wannan ciwo. Waɗanda aka ba lemu su ne suka fi saurin samun sauƙi. Bitamin C yana kuma taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe, mai ƙara jini, daga gero da wake da ganye.

Amma mu yi lissafi. Cokali 2 na ruwan lemu aka raba wa gato 12. Abin da kowane gato ya samu bai wuce ɗigo kaɗan ba. Sukari kuwa ƙwaya 40 aka raba 12, kowane gato ya sami ƙwaya 3 da ɗoriya a kirim kaɗai, ban da wanda ke cikin gaton. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da babban mutum zai sha a yini kada ya wuce kimanin giram 50, wato ƙwaya 9 ko 10, kuma in ya tsaya a rabin haka ya fi. Gato ɗaya mai kirim ya cinye fiye da rabin giram 50 ɗin nan, tun ba a yi maganar shayi da kunu ba.

Saboda haka kada mai sayarwa ta ce wa mutane gatonta magani ne don akwai lemu a ciki. Abin marmari ne na ranar biki da ranar salla. Mai ciwon sukari ya bar shi. Yaron da bai kai shekara 2 ba, kada a ba shi. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa, nonon uwa kaɗai ne abincinsa. Yaran da suka ci su kurkure baki, su yi asuwaki kafin su kwanta, domin sukari yana ɓata haƙori. Mai neman amfanin lemu na sosai ya matsa shi a kan kwaɗon zogale, ko dafaffen wake, bayan an sauke daga wuta, domin dahuwa tana rage bitamin C. Gwaba da garin ƴaƴan kuka ma sun fi lemu yawan wannan bitamin.

A rubuta kafin a sayar

Mata da yawa suna sana'a, ciniki yana tafiya, amma jari yana ƙarewa ba su san dalili ba. Ku da kuka iya rubutu, ku ɗauki littafi. Ku rubuta kuɗin madara, da sukari, da garin alkama, da ƙwai, da lemu, da gawayi. Ku cire kuɗin nonon da ya rage in kun sayar da shi. Ku raba abin da ya saura gida 12. Misali, a ce an kashe sefa 1.800. Kowane gato ya tashi a kan sefa 150, wato dala 30. In a garinku ba mai iya sayen gato sama da dala 30, to, ba riba, wahala ce kawai. Gara a jira masu biki su yi oda, su ba da rabin kuɗi tun da farko. Manya suna tune da watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa, kayan waje suka yi tsada cikin ƴan kwanaki. Sukari da garin alkama har yanzu yawancinsu daga waje suke zuwa, farashinsu ba a hannunmu yake ba. A sake lissafi duk lokacin da aka sayo sabon kaya.

Itacen lemu a gida

Magidanci mai rijiya a garka, ko mai fili a bayan ɗaki inda awaki ba sa kaiwa, ya dasa ko da gindi 2. Wanda aka shuka daga ƙwaya yakan yi shekara 4 ko fiye kafin ya yi ƴaƴa. Mai aure yakan fara a shekara ta 2 ko ta 3. A nemi shawarar malaman gona ko na gandun daji na Madarumfa a kan inda za a sami dashe mai kyau. A haƙa rami mai faɗi da zurfin santimita 60, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, a dasa a farkon damina bayan ruwa ya zauna. A bar mita 5 zuwa 6 tsakanin gindi da gindi. Mahaɗin auren ya zauna a sama da ƙasa, kada a binne shi. A fadama a zaɓi wuri mai ɗan tudu, domin lemu ba ya son ruwa ya kwanta masa.

Wajen ban ruwa, a tara ƙasa kewaye da gindin, a yi kwarin ruwa a ɗan nesa da shi, daidai inda inuwar rassa take ƙarewa. In ruwa yana taɓa jikin itacen kullum, ɓawonsa yakan tsage ya riƙa fitar da ƙaro, daga nan itacen ya bushe. A kewaye dashen da ƙaya saboda dabbobi, a riƙa duba gara, a kuma yanke duk tohon da ya fito a ƙasa da mahaɗin auren.